Ofishin da ya fitar da ƙanina Ingila: takardu sun iya, amma kar ku biya kuɗin ɗaki da aiki

Duk wanda yake nan Bauchi yana neman inda zai kai ɗansa ko ƙaninsa a yi masa takardun karatu a Ingila, ga abin da na gani a ofishin da muka yi hulɗa da shi. Ba zan kama suna ba, bene ne dai a cikin gari, ofishin yana sama, ƙasa kuma masu fotokofi ne. Aiki iri biyu suke sayarwa. Akwai na takardu zalla, wato neman gurbin karatu da biza, mu a lokacinmu naira dubu 300 ne. Sai kuma wanda suke kira ful fakej, ka ƙara dubu 450 a kai, su ce za a tarbi yaro idan ya sauka, a kama masa ɗaki, a haɗa shi da aiki. Mu duka biyun muka biya. Na farkon wallahi sun ci kuɗinsu halal, na biyun kuwa har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Autanmu ne ya tafi, a watan Satumban 2024, digiri na biyu na shekara ɗaya a Birmingham. Ya gama jami'ar ATBU, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana ta yawo da takardu ba aiki, ƙarshe dai gyaran waya yake taya abokinsa a kasuwar Wunti. Yaron da iyakacinsa Kano da Abuja, ko fasfo bai da shi, ba mu da kowa a can. Filin gadonmu aka sayar aka haɗa da gudummawar 'yan uwa, kuma da yake ni ce babba ni na riƙa zirga-zirgar ofishin.

Abin da ya fara burge ni da mai ofishin, Malam muke ce masa, bai fara da nuna mana hotunan dusar ƙanƙara da jan bas ba, maganar kuɗi ya fara. Ya ce Hajiya kafin mu taɓa komai ki faɗa min gaskiya nawa ne a ƙasa, ba wanda ake sa rai ba. Sai ya ba mu labarin ɗaliban Najeriya na jami'ar Teesside da aka dakatar a shekarar 2024 aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta, ba don wasa suka yi ba, naira ce ta karye a hannunsu, kuɗin da suka tara tun kafin a saki naira a Yunin 2023 ya dawo bai kai rabin darajarsa ba. Ya jawo takarda ya yi mana lissafi da biro. Kuɗin biza fam 490. Kuɗin asibiti da ake biya gaba ɗaya tun daga nan, fam 776 a shekara ga ɗalibi, kuma da yake bizar tana ɗara shekara da 'yan watanni sai ya kama fam 1,164. Kuɗin zama da dole a nuna a banki ga wanda ba Landan zai zauna ba, fam 1,023 sau wata 9, wato fam 9,207, ban da sauran kuɗin makarantar da ba a biya ba shi ma sai an nuna shi. Fam a lokacin ya haura naira dubu 2, kuɗin zaman kaɗai ya wuce miliyan 18. Na ji jikina ya yi sanyi a kujerar nan amma na gode masa, don gara a faɗa maka tun kana da damar fasawa.

Maganar kwana 28 ma shi ya zaunar da mu ya yi mana ita dalla-dalla, cewa kuɗin sai ya kwana 28 a jere a asusu bai taɓa sauka ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma takardar bankin kar ta wuce kwana 31 da fitowa ranar da za a tura neman bizar. Ranar da na kai masa sitetmen ɗin, ya sa tabarau ya ɗauko rula ya ɗora a kan takardar yana saukowa layi bayan layi, yana ƙirga kwanakin da baki, har ya tsaya a wani wuri da banki suka cire kuɗin alat da na ajiya, ya sake buga kalkuleta da canjin ranar, sannan ya ce a ƙara wani abu a kai saboda naira ba ta da tabbas, idan ta sake faɗuwa kafin ranar turawa kuɗin zai gaza. Muka ƙara. Akwai masu ba da aron kuɗi a zuba a asusu na wata ɗaya a biya su la'ada, wani ya kawo mana maganar, Malam ya ce shi ba ya taɓa fayil irin wannan. Shi ne kuma ya gano sunan Babanmu an rubuta shi iri ɗaya a takardar WAEC wani iri a fasfo, ya tura mu kotu aka yi takardar rantsuwa tun kafin makarantar ta tambaya. Ya zaɓo makarantar da take karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC, ba mu kashe kuɗin jarrabawar Turanci ta IELTS ba. Gwajin tarin fuka a asibitin hukumar kula da ƙaura ta IOM a Abuja, ya ce kar a yi gaggawa don wata 6 kawai takardar take aiki. Kafin makarantar ta ba da CAS, wato shaidar ba da gurbi da ake neman biza da ita, sai da suka yi wa Auta intabiyu ta bidiyo, yaran ofishin suka yi ta yi masa gwaji, me ya sa wannan kwas ɗin, me ya sa wannan garin, wa zai biya, har ya daina in-ina. Biza ta fito cikin sati ukun da aka saba, ba tangarɗa ko ɗaya.

Ko lokacin da tarzomar nan ta ɓarke a garuruwan Ingila a farkon Agustan 2024, ana kai hari masallatai da otal ɗin masu neman mafaka, Hajiyarmu ta ji a BBC Hausa ta ce ita fa a fasa, Malam da kansa ya zo gida ya durƙusa ya gaishe ta ya yi mata bayani a hankali har ta yarda. Kuma shi ya hana mu cusa kilishi da man shanu a jaka, ya ce nama da kayan madara ba a shiga da su, sai kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji aka ɗaure masa. Ina faɗin waɗannan ne don kar a ce ƙiyayya ce ta sa ni rubutu. Mutumin ya san takarda kuma yana da mutunci.

To amma sanin nasa a filin jirgin Abuja ya tsaya.

Abin da aka rubuta mana a rasit shi ne tarba, masauki da haɗi da aiki, ta hannun wanda suke kira wakilinmu na can. Ana gobe tafiya aka ce wakilin ba zai samu zuwa filin jirgin Heathrow a Landan ba, Auta ya hau motar National Express zuwa tashar Digbeth a Birmingham, a nan za a ɗauke shi. Ya hau, ya isa da dare, jaka biyu manya, ba layin waya na can sai intanet ɗin tasha. Ya kira ni ya ce Adda ba kowa a nan fa, lambar mutumin a kashe take. Muryarsa yana ƙoƙarin ya nuna shi namiji ne amma ni na raine shi, na san tsoro ne. Na kira Malam tsakar dare, ya ɗauka kam, ya yi ta kiran wakilin shi ma bai same shi ba, abin da ya iya kawai shi ne ya ce yaron ya nemi otal. Kuɗin da aka ware masa na abincin sati biyu a daren nan ya tafi. Washegari da yamma wakilin ya ɓullo yana ba da haƙuri wai yana wurin aikin dare ba a barin waya. Ashe shi ma ɗalibi ne, shekara ɗaya ya riga Auta zuwa, yana fama da kansa. Ba kamfani, ba ofis, ba komai, yaro ne kawai da ake tura wa wani abu idan an turo sabon zuwa. Ni ban ma ga laifinsa sosai ba, laifin na wanda ya karɓi dubu 450 ne ya kira wannan da suna wakili.

Sai ɗakin. Ya nuna min ta bidiyo, faɗinsa bai wuce shagon cajin waya ba, katifa a ƙasa ba gado, idan ya buɗe jaka ƙofa ba ta rufuwa, bangon wajen taga ya yi baƙi da danshi har fenti yana ɓarewa, hita a jikin bango amma ba a kunnawa don wutar ta kati ce kuma mutanen gidan suna rigima a kan wa zai saka. Mutum bakwai banɗaki ɗaya. Fam 500 a wata, kuma aka karɓi wata ɗaya na gaba da wani fam 500 na ajiya, aka tura asusun wani mutum da Auta bai taɓa gani ba. Ba takardar haya, ko rasit babu. Daga baya muka gane wanda ya karɓi kuɗin ba shi ne mai gidan ba, shi ma haya ya kama yake yanka wa sababbin zuwa. Rashin takardar nan ba ƙaramin abu ba ne a can, don kusan komai sai an ce ina shaidar adireshinka, asusun banki ma sai da wasiƙar makaranta ya samu ya buɗe.

Ofishin taimakon ɗalibai na makarantarsu ne suka wayar masa da kai, kyauta, abin da ya kamata a ce tun a Bauchi an faɗa masa. A dokokin Ingila kuɗin ajiya ba ya wuce hayar sati 5, kuɗin riƙe ɗaki kafin a sa hannu ba ya wuce na sati 1, kuma mai gida dole ya sa kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30 ya ba ka shaida, sai dai idan a gida ɗaya kuke zaune da mai gidan, nan kam dokar asusun ba ta hau kansa ba. Mai gida na gaskiya zai nemi ya duba izininka na zama kafin ya ba ka makulli. Wanda bai tambaye ka komai ba sai kuɗi, akwai magana. Ɗalibi kuma ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma na gida idan ya kai takardar makaranta, amma a gidan nan har da shi ake raba musu. Ajiyar nan fam 500 rabi kawai ya dawo, shi ma da ƙyar.

Ɗakin da yake ciki yanzu ba ofishin ne suka samo ba. Ya yi ta nema a SpareRoom, shafin neman ɗakin haya a intanet, duk inda ya je sai a ce ya kawo mai tsaya masa wanda yake zaune a ƙasar yana da albashi, ko kuma ya biya wata 6 a dunƙule, ina zai samo. Ranar wata Juma'a ya je masallacin Green Lane a Small Heath, bayan an idar yana neman takalminsa ya ji wani yana waya da Hausa, har da kam da ɗin nan irin tamu, ya tsaya ya jira ya gama ya yi masa sallama. Mutumin Kumo ne, ya daɗe a can yana aikin asibiti. Shi ya sa shi a guruf ɗin 'yan Arewa na WhatsApp, shi ya raka shi wurin wani dattijo ɗan Pakistan a Alum Rock da yake da ɗaki a sama, ya ce wannan ƙanina ne ni na tsaya masa. Fam 450 har da wuta da ruwa da intanet, da takarda da sa hannu, ga shagunan halal a bakin titi, ga masallaci yana zuwa da ƙafa. Bawan Allahn nan ko shayi bai yarda an saya masa ba. Allah Ya saka masa da alheri, Ya raya masa zuri'a.

Maganar aiki ita ta fi ci min rai, don a nan ne ake cutar mutane da gaske. Haɗi da aikin da muka biya, abin da ya zo shi ne saƙo ɗaya mai ɗauke da adireshin shafin neman aiki na Indeed da sunayen kamfanonin ɗaukar ma'aikata guda huɗu, abin da duk mai waya zai samu da kansa. Da Auta ya matsa, sai wakilin ya ce akwai wanda yake ba da hayar akawun na kai abinci a keke, a riƙa ba shi wani abu duk sati. Allah Ya sa yaron ya tambaya kafin ya karɓa. Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai, kuma masu kai abincin nan a matsayin masu aikin kansu ake ɗaukarsu, balle kuma da sunan wani, idan aka kama shi bizar ce za ta tafi, filinmu ya tafi a banza. Wanda aka biya don ya kare yaro shi yake nuna masa ramin. Sannan a can doka ma ta hana kamfanin samar da aiki ya karɓi kuɗi a hannun mai neman aiki, wanda ya ɗauki ma'aikacin shi yake biya, lambar inshora ta ƙasa da ake buƙata kyauta ake nema a intanet, lambar da kake ba mai aiki ya duba izininka ita ma kyauta. To me aka sayar mana?

Takardar neman aikin da ofishin suka tsara masa ma irin tamu ce, shafi uku, da hoto da ranar haihuwa da jiha da ƙaramar hukuma da addini, ya yi ta turawa shiru. Wata mata a sashen neman aiki na makarantar ta zauna da shi ta cire duk wannan, ta mayar da ita shafi ɗaya, ta sa gyaran wayar da yake yi a Wunti a sama, abin da shi yake jin kunyar rubutawa. Wajen ƙarshen Oktoba da aka fara ɗibar mutane saboda cinikin Kirsimeti ya samu aikin dare a wani babban sito a bayan gari, ɗaukar kaya da jera kwali, a tsaye har asuba, daga nan ya yi wanka ya wuce aji. Bayan sabuwar shekara aikin ya ja baya, wani satin a kira shi sau biyu wani satin ko sau ɗaya, don irin kwantiragin da ba a yi maka alkawarin awa ko ɗaya ba ne. Sai a bazara ya samu tsayayye a wani kanti.

Ku yi lissafin nan da kanku don Allah. Ɗalibi awa 20 kawai doka ta ba shi a sati lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 11.44 ne a awa, wato fam 228.80 a sati idan ya samu awannin cif, a wata bai cika fam 1,000 ba. Cire ɗaki 450, cire kuɗin bas, cire abinci da waya da rigar sanyi. Abin da ya rage ba zai biya kuɗin makaranta na fam dubu goma sha ba, ko kusa. A Afrilun 2025 an ƙara zuwa fam 12.21, bai canza labarin ba. Amma da kunnena na ji ɗaya daga cikin yaran ofishin yana ce wa wani dattijo da ya zo da ɗansa daga Darazo, Baba ku dai ku haɗa na farkon, sauran shi zai biya da kansa idan ya fara aiki. Malam ba ya faɗin haka, amma a ofishinsa ake faɗa, kuma dattijon nan ƙila shanu zai sayar a kan wannan maganar. Na kasa haƙuri na bi shi har matakala na ce Baba ku yi haƙuri, ba haka abin yake ba.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a rasit amma da an yi wa yaro minti goma a kai da ya taimaka. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a matse, ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, ba mai ce masa sannu. Yaron da a gida ba ya cin abinci shi kaɗai. Akwai lokacin da ya kira ni bai ce komai ba sai tambayar wai har yanzu mai masar nan ta bakin layinmu tana fitowa, na gane kewa ce take cinsa, muka yi ta hira har ya yi barci wayar a kunne.

Na koma ofishin da hotunan ɗakin da saƙonnin wakilin a waya. Malam bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba, ya kalli hotunan ya yi shiru, ya ce Hajiya wallahi ban taɓa ganin ɗakin ba, abin da yaron yake faɗa min shi nake faɗa muku. Na ce to ai matsalar ke nan Malam, kana sayar da abin da ba ka taɓa gani ba. Shi kansa bai taɓa taka Ingila ba, kuma wannan ba aibi ba ne ga mai cika fom, amma aibi ne ga mai alkawarin ɗaki. Ya mayar mana da dubu 200 a biya biyu, ya ce ya rabu da wancan wakilin. Sai dai ful fakej ɗin yana nan ana sayarwa, da sabon wakili, wanda na tambaya aka ce shi ma ɗalibi ne.

Idan maki zan ba su, takardu biyar cikin biyar, ɗaki da aiki ɗaya, ɗayan ma don ya ɗauki wayata tsakar dare ne kuma ya mayar da wani abu. Wani abin yabon, ban taɓa jin ya sayar da takardar aikin kula da tsofaffi ba, lokacin da wasu suke karɓar miliyoyi a kanta mutane su je su tarar ba aikin, kuma hanyar ma an rufe ta ga masu nema daga waje tun 22 ga Yulin 2025. Dokokin suna ta canzawa, kuɗin zaman ya tashi zuwa fam 1,136 a wata a Janairun 2025 kuma an sake ƙarawa bayan nan, tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da mata da yara, bizar zama bayan karatu da take shekara 2 za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Irin waɗannan kam Malam yana bibiya, zai faɗa maka daidai.

'Yar maƙociyarmu a Fadaman Mada tana shirin tafiya, uwarta ta ce in raka su, kuma can ɗin na kai su. Muka biya na takardu kawai. Ɗaki ta kama na makaranta na zangon farko duk da ya fi tsada, da takarda da komai tun tana nan, kuma Auta ne zai je ya tarbe ta a tasha ya haɗa ta da matar mutumin Kumon nan. Yaron ofishin ya so ya fara yi wa uwar bayanin ful fakej, Malam ya ɗago kai ya kalle ni, ya ce masa bar shi kawai, rubuta musu na takardu.